Saitin asali: Hukuncin da gidajen Linux ke yankewa a madadin masu amfani da kwamfuta

Duk wata babbar manhajar kwamfuta mai buɗaɗɗen tushe, irin su Debian da Fedora da Ubuntu da OpenBSD, tana fara rayuwarta ne a matsayin rubutu. Miliyoyin layuka ne da mutane suka rubuta cikin harsunan shirya manhaja kamar C da C++ da Rust, kuma kowa na da damar ya sauke su ya karanta, ya gyara, ya sake rabawa. Sai dai kwamfuta ba ta jin waɗannan harsuna. Kafin rubutun ya zama abin da za a danna ya buɗe, dole ne a bi da shi ta hannun wata manhaja mai aikin tafinta, wadda ake kira kwamfaila, ta juya shi zuwa lambobin da firosesa ke ganewa. Wannan juyi shi ake kira ginin manhaja.

Tafintan nan yana da hanyoyi da yawa na yin aiki ɗaya. Kwamfailar GCC, wadda akasarin gidajen Linux suka dogara da ita, tana karɓar ɗaruruwan umarni game da yadda ake so ta yi ginin: a fifita sauri ko ƙanƙantar girma, a saka matakan kariya ko a bar su, a yi gini don sababbin na'urori kaɗai ko a tafi da tsofaffi. Masana na kiran waɗannan umarni tutoci. Jerin tutocin da gida ya zaɓa don gina dukkan fakitocinsa, wanda kowane fakiti zai gada matuƙar mai kula da shi bai nemi a keɓe shi ba, shi ne saitin asali na gini.

A ƙa'ida, kowa na iya canza wannan saiti, tunda tushen a buɗe yake. A aikace kuwa, ƙalilan ne ke yi. Debian kaɗai na ɗauke da fakiti sama da 60,000, kuma wanda ya sanya ta a kwamfutarsa ginannun fakitoci yake saukewa, kamar mai sayen riga ɗinkakkiya a kasuwa. Abin da 'yan tsirarun injiniyoyi suka zaɓa kafin fitar bugu shi ne zai yi aiki a bankuna da jami'o'i da manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, na tsawon shekaru. Bugun Ubuntu mai dogon zango ana kula da shi shekara biyar a ƙalla, na Red Hat kuma shekara goma.

Inda saitin yake zaune

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar wurin da wannan hukunci ke ɓoye. A Debian, wani ɗan kayan aiki mai suna dpkg-buildflags ne ke miƙa wa kowane fakiti tutocinsa a lokacin gini. A Fedora da Red Hat, tutocin na cikin fakitin redhat-rpm-config. Arch Linux na ajiye nata a fayil ɗin makepkg.conf. Ubuntu ta daɗe tana dasa wasu matakan tsaro a cikin kwamfailar kanta, ta yadda ko ɗalibin da ya gina ɗan shirinsa na gwaji zai samu kariyar ba tare da ya nema ba. Gentoo ce ta yi fice wajen barin mai amfani ya gina komai a na'urarsa da tutocin da ya ga dama, amma ita ma a Disambar 2023 ta fara raba ginannun fakitoci a hukumance, domin ba kowa ke da kwanakin da zai zauna yana jiran gini ba.

Tutar da kusan kowane gida ya amince da ita ita ce -O2, wadda ke umartar kwamfaila ta sarrafa shirin ya yi sauri gwargwado ba tare da ya kumbura ba. Akwai -O3 a samanta, kuma lokaci zuwa lokaci wani kan taso da tambayar me ya hana a koma can, tunda uku ya fi biyu. Amsar ita ce -O3 kan ƙara wa shiri girma, shirin da ya yi girma kuma kan cika ƙaramar ma'ajiyar gaggawa ta firosesa, har ribar ta koma asara a wasu ayyukan. Clear Linux ta kamfanin Intel ce ta fi kowa zafafawa wajen neman sauri ta hanyar tutoci, kuma ta sha yin fice a gwaje-gwaje, amma kamfanin ya rufe ta a Yulin 2025. Manyan gidaje sun tsaya a kan -O2, suna barin ɗaiɗaikun fakitoci su haura idan awo ya nuna akwai riba.

Tsaro da kuɗinsa

Mafi tsufan muhawara a wannan fage ita ce ta tsaro. Harshen C ba ya hana shiri zuba bayanai fiye da abin da mazubin da aka tanada zai ɗauka. Idan aka yi ambaliya, rarar takan malala ta shafe abin da ke maƙwabtaka, kuma mai kutsen da ya san abin da yake yi zai iya tsara rarar ta yadda za ta karkatar da shirin ya bi umarninsa. Tsutsar Morris, wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci a Amurka a Nuwamban 1988, ta yi amfani da irin wannan rauni.

Ɗaya daga cikin magungunan da aka samo shi ne kwamfaila ta ajiye wata lamba ta sirri a bakin mazubin, ta duba ta kafin aikin ya koma inda ya fito. Idan lambar ta canza, an yi ambaliya ke nan, sai a kashe shirin nan take. Ana kiran lambar kanari, saboda tsuntsun da masu haƙar kwal a Ingila kan shiga da shi rami domin ya riga su jin iska mai guba. OpenBSD ta kunna wannan kariya a dukkan tsarinta a bugu na 3.3 a 2003, ta hanyar aikin ProPolice na Hiroaki Etoh na kamfanin IBM. Ubuntu ta biyo baya a 2006. Wani ingantaccen salo mai suna -fstack-protector-strong ya shiga GCC 4.9 a 2014, kuma shi ne yawancin gidaje ke amfani da shi yanzu.

Kariya ta biyu ita ce gina shiri ta yadda za a iya ɗora shi a ko'ina cikin memori, domin a riƙa sauya masa mazauni duk lokacin da aka kunna shi, mai kutse ya rasa inda zai nufa. Ana kiran wannan gini PIE. A kan tsofaffin firosesoshi masu bit 32, kuɗinsa ya yi tsada: takardun tsaro na Ubuntu sun ƙiyasta raguwar sauri da kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Saboda haka aka daɗe ana yin sa ga shirye-shiryen da ke fuskantar intanet kaɗai. A kan masu bit 64 kuwa asarar ba ta taka kara ta karya ba. OpenBSD ta mayar da shi saitin asali a 2013, Fedora a bugu na 23 a 2015, Ubuntu a 2016, Debian kuma a bugu na 9 a 2017. Akwai kuma _FORTIFY_SOURCE, wadda ke maye gurbin wasu ayyukan kwafi masu haɗari da 'yan'uwansu masu auna girman mazubi. Fedora ta ɗaga ta zuwa mataki na 3 a bugu na 38, Ubuntu kuma a 24.04.

Duk waɗannan matakai ba sa gyara kuskuren da ke cikin rubutu. Abin da suke yi shi ne mayar da kutse ya zama faɗuwar shiri kawai, kuma faɗuwa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. A yau babu wani babban gida da ke jayayya a kan amfaninsu. Amma tazarar shekaru tsakanin gida na farko da na ƙarshe na nuna yadda ake jan ƙafa idan gyara zai taɓa dubban fakitoci a lokaci guda.

Rikicin manunin sawu

Babu misalin da ya fito da yanayin wannan hukunci fili kamar taƙaddamar da ta ɓarke a Fedora tsakanin 2022 da 2023, a kan wata tuta guda: -fno-omit-frame-pointer.

Shirin kwamfuta tarin ƙananan ayyuka ne masu kiran juna. Wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba, kuma kowane kira na barin shafinsa a kan wani tuli a cikin memori. A tsohuwar al'ada, ana ware ɗaya daga cikin 'yan aljihunan da ke cikin firosesa, wato ƙananan ma'ajiyoyi mafiya sauri, domin ya riƙe adireshin shafin da ake kai, kowane shafi kuma yana ɗauke da adireshin wanda ya gabace shi. Da wannan, mai bincike zai iya tsayar da shiri a kowane lokaci ya karanta salsalarsa: wane ya kira wane, har zuwa tushe. Wannan aljihu shi ne manunin sawu.

Matsalar ita ce firosesoshin x86 masu bit 32 aljihu takwas kacal suke da shi, kuma sadaukar da ɗaya don bin sawu asara ce da ake ji. Don haka masu gina kwamfaila suka koma amfani da shi wajen lissafi. GCC ta mayar da watsi da manunin sawu saitin asali ga Linux mai bit 32 a bugu na 4.6 a 2011, alhali a ɓangaren bit 64, mai aljihu 16, an riga an saba yin hakan. Hujjar ita ce akwai wata hanyar gano salsala, ta amfani da jadawalin bayanai na tsarin DWARF da ake liƙa wa kowane shiri. Ga mai neman dalilin faɗuwar shiri sau ɗaya, wannan ya wadatar.

Ga mai auna inda kwamfuta ke ɓata lokacinta kuwa, bai wadatar ba. Kayan awo irin su perf kan leƙa tsarin sau da yawa a kowace daƙiƙa, suna rubuta salsalar abin da suka tarar. Karanta jadawalin DWARF a kowane leƙe aiki ne mai nauyi, shi ya sa perf kan kwafe wani yanki na tulin, kilobait 8 a saitinta na asali, ta ajiye don nazari daga baya. Fayil ɗin kan kumbura, salsala mai tsawo kan yanke, kuma kwafin na iya ɗauko bayanan sirri da ke kan tulin. Brendan Gregg, wanda ya ƙirƙiro zanen nan mai kama da harshen wuta da injiniyoyi ke duba nauyin aiki da shi, ya yi shekaru yana kukan cewa awo a Linux ya lalace saboda wannan saiti. Manyan kamfanoni irin su Google da Meta sun magance matsalar a cikin gida ta hanyar gina manhajojinsu da manunin sawu. Harshen Go ya kunna shi tun 2016. Wanda aka bari a baya shi ne ƙaramin mai shirya manhaja da ba shi da halin sake gina dukkan tsarinsa.

A tsakiyar 2022 wasu injiniyoyin Meta da ke aiki a Fedora suka gabatar da shawarar a dawo da manunin sawu a dukkan fakitoci. Masu goyon baya, ciki har da wasu masu gina fuskar GNOME, suka ce asarar ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba a yawancin ayyuka, kuma gyare-gyaren da ingantaccen awo zai bankaɗo za su ninka haka. Masu adawa, waɗanda da yawansu injiniyoyin kwamfaila ne na Red Hat, suka ce kashi ɗaya ko biyu aikin shekaru ne a wurinsu, kuma babu adalci a ɗora wa kowane mai amfani haraji saboda amfanin 'yan tsiraru masu awo. Kamata ya yi a gyara kayan awon. Gwaji ya kuma nuna cewa Python 3.11 na rasa har kashi 10 cikin 100 a wasu ayyukan.

Kwamitin injiniyoyin Fedora, FESCo, mai zaɓaɓɓun mambobi tara, ya ƙi amincewa da shawarar a ƙarshen 2022. Bayan 'yan makonni, a farkon Janairun 2023, ya sake zama a kanta ya amince, da sharaɗin za a sake duba sakamakon daga baya, kuma fakitin da ya cutu zai iya ficewa. Python na cikin waɗanda suka fice a lokacin. Masu adawa sun koka cewa an sake ƙuri'ar cikin gaggawa ba tare da an ba su isasshiyar sanarwa ba, kuma ƙorafin nasu na da kamshin gaskiya ko da hukuncin ya yi daidai. Fedora 38 ta fito a Afrilun 2023 da manunin sawu. Ubuntu ta bi sahu a bugu na 24.04 a Afrilun 2024, Arch Linux ma ta yi haka.

Ɓangarorin biyu ba su saɓa sosai a kan alƙaluma ba. Abin da ya raba su shi ne wanda ya kamata ya ɗauki nauyi, da kuma yadda za a auna asarar da ake iya gani a teburin gwaji da ribar da ba ta zo ba tukuna. Akwai hanya ta uku da ake ginawa, wani ƙaramin jadawali mai suna SFrame da ya shiga kayan binutils 2.40 a 2023, wanda ake fatan zai ba da salsala cikin sauri ba tare da cin aljihu ba. Cibiyar Linux kanta, wato kanel, ta bi irin wannan hanya tun 2017 da tsarinta na ORC.

Wace kwamfuta ce ta tsufa?

Idan harajin manunin sawu kashi ɗaya ne ko biyu, akwai tutar da harajinta kashi ɗari ne ga wanda ta shafa, domin kwamfutarsa ba za ta tashi ba sam. Ita ce tutar da ke fayyace mafi ƙanƙantar firosesar da za a yi gini dominta.

Tsarin x86-64 ya fito ne a 2003, kuma tun daga nan Intel da AMD ke ƙara wa firosesoshinsu sababbin umarni masu yin lissafi da yawa a bugu ɗaya. Shirin da aka gina da waɗannan umarni zai faɗi a kan na'urar da ba ta san su ba. A 2020, AMD da Intel da Red Hat da SUSE suka amince da raba zuriyar zuwa matakai. Mataki na 2 ya fara daga firosesoshin Nehalem na Intel na 2008, wanda ke nufin Core 2 Duo ba ta kai ba. Mataki na 3, mai buƙatar umarnin AVX2, ya fara daga Haswell na 2013, wato zuriya ta huɗu ta Core i3 da i5 da i7. Mataki na 4 na buƙatar AVX-512, wanda har yau ba kowace sabuwar kwamfuta ke da shi ba.

Red Hat Enterprise Linux 9, wadda ta fito a 2022, ta wajabta mataki na 2. Bugu na 10 a 2025 ya wajabta mataki na 3. Ga kamfanin da abokan cinikinsa ke sauya manyan na'urorinsu duk bayan 'yan shekaru, lissafin a fili yake. Amma Red Hat na da 'ya'ya da jikoki da ake saukewa kyauta, kuma a kansu ne ɗalibai da ƙananan ma'aikatu ke koyo da aiki. AlmaLinux ta lura da haka, ta fitar da bugunta na 10 da ƙarin gini na musamman don mataki na 2. A Fedora, shawarar da aka kawo a 2019 ta wajabta AVX2 ta gamu da turjiya mai tsanani, ba ta kai labari ba. Debian har yanzu tana gini ne don mataki na farko.

Wannan batu ya shafi ƙasashen da kasuwar kwamfutarsu ta dogara da na hannu. Samfura irin su HP EliteBook 8470p da Lenovo ThinkPad T420, waɗanda suka daɗe suna yawo a kasuwannin Kano da Computer Village ta Ikeja, firosesoshinsu na zuriya ta biyu da ta uku ne, don haka ba su kai mataki na 3 ba duk da cewa suna aiki lafiya lau. Shekarun na'ura ma ba su ne kaɗai ma'auni ba: Celeron N4020, wadda Intel ta fitar a 2019 kuma ta cika ƙananan kwamfutoci masu araha, ba ta da AVX ko kaɗan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin na'urorin da suka girmi zuriya ta takwas ta Intel. Ga masu irin waɗannan kwamfutoci, Linux ce mafakar da ta rage, kuma faɗin ƙofar mafakar ya dogara da wannan tuta.

Ribar ɗaga matakin kuma ba ɗaya take ba a ko'ina. Ayyukan lissafi mai nauyi da sarrafa hoto da bidiyo kan amfana sosai, amma yawancin shirye-shiryen yau da kullum ba sa jin bambanci. Manhajojin da suka fi buƙatar sauri, irin su OpenSSL da FFmpeg da laburaren glibc, sun riga sun iya tambayar firosesa abin da ta iya a lokacin aiki, su zaɓi hanyar da ta dace. Tun daga glibc 2.33 a 2021 ma, gida na iya ajiye kwafi biyu na laburare guda, tsarin ya ɗauki wanda ya dace da na'urar. openSUSE Tumbleweed ta bi wannan hanya a 2023 ga wasu zaɓaɓɓun laburarori. Kuɗin wannan sulhu shi ne ƙarin lokacin gini, ƙarin wurin ajiya da ƙarin gwaji, kuma a gidajen 'yan sa-kai waɗannan ba arha suke ba.

Abin da aka kunna, abin da aka kashe

Bayan tutocin kwamfaila, kowane fakiti na da nasa makunnan: a haɗa shi da wannan laburare ko a'a, a saka masa wancan aiki ko a cire. Al'adar manyan gidaje ita ce kunna kusan komai, domin kada wani ya nemi abu ya rasa. Kowane ƙarin laburare kuwa ƙarin ƙofa ne.

A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniyan Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, ya sanar da gano ɓarauniyar hanya da aka dasa a bugu na 5.6.0 da 5.6.1 na manhajar matse fayil ta xz, bayan ya lura shiga na'urarsa ta SSH na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Manhajar OpenSSH ta asali ba ta da wata alaƙa da xz. Amma Debian da Fedora da wasu gidaje sun yi mata kwaskwarima don ta haɗu da laburaren systemd, shi kuma yana janyo laburaren xz. Ta wannan sarƙa maharin ya nufi mai gadin ƙofar miliyoyin manyan kwamfutoci. An tsara dashen ne ya kunnu a lokacin gini kaɗai, kuma sai idan ya ga alamar ana haɗa fakitin Debian ko na RPM. An kama shi kafin ya shiga tabbatattun bugunan manyan gidaje.

Makonni kaɗan bayan haka, mai kula da fakitin KeePassXC a Debian, manhajar adana kalmomin sirri, ya kashe ayyukanta na intanet da na haɗuwa da burauza a ginin asali, ya mayar da su wani fakiti daban. Hujjarsa ta tsaro ce, kuma ba ta rasa tushe ba. Sai dai masu amfani sun wayi gari abin da suka saba da shi ya ɓace, masu manhajar na asali kuma suka yi ta karɓar ƙorafi a kan canjin da ba su suka yi ba. Daga baya aka sasanta a kan fakiti biyu, cikakke da taƙaitacce, kowanne da sunansa.

Wani lokaci kuma lauya ne ke riƙe da makunnin. A 2022 Fedora ta kashe taimakon katin hoto wajen sarrafa bidiyon H.264 da H.265 da VC-1 a manhajar Mesa, saboda fargabar haƙƙin mallakar ƙirƙira a Amurka, inda Red Hat ke da mazauni. Masu katin AMD ne suka fi ji a jikinsu, domin aikin ya koma kan firosesa, batir kuma ya riƙa saurin ƙarewa. Mai amfani a ƙasar da waccan doka ba ta aiki shi ma ya gaji hukuncin, sai dai ya nemo madadin fakitin daga rumbun RPM Fusion na 'yan sa-kai.

Masu yanke hukunci

Kowane gida da tsarin sarautarsa. A Fedora ana rubuta shawara a fili, a yi muhawara, FESCo ta kaɗa ƙuri'a, sannan a sake gina dukkan fakitoci da sabon saitin watanni kafin fitar bugu, a ga waɗanda suka karye. A Debian babu kwamitin da ke zama a kan kowane canji. Ana neman fahimtar juna ne tsakanin masu kula da dpkg da GCC da tawagar fitar da bugu, sai abu ya cije a kai shi Kwamitin Fasaha. Wannan ya sa takan yi jinkiri, amma ba kasafai take janye abin da ta zartar ba. A Ubuntu kamfanin Canonical ne ke da ta cewa. OpenBSD, ƙarƙashin Theo de Raadt, takan kunna kariya tun da wuri, ta bar shirye-shiryen da suka karye a gyara su. Ƙanƙantarta da kasancewar tsarin duka a hannu ɗaya ne suka ba ta wannan dama.

Mafi wuyar canji shi ne wanda ke sauya yadda shirye-shirye ke magana da laburarori, domin ba a iya yin sa rabi da rabi. Tsarin Unix na ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ma'ajiya mai bit 32 za ta cika a ranar 19 ga Janairun 2038. Maganin tuta ce, -D_TIME_BITS=64, amma kunna ta na canza girman bayanan da shirye-shirye ke miƙa wa juna. Debian ta yi wannan ƙaura a 2024, ta sake wa ɗaruruwan laburarori suna da ƙarin t64 a ƙarshe, aikin kuma ya fito a bugu na 13 a Agustan 2025. An yi shi ne musamman domin ƙananan na'urorin ARM masu bit 32, irin waɗanda ake dasawa cikin injuna a manta da su shekaru ashirin.

Tsohon tsarin i386 kaɗai aka bari da agogonsa mai bit 32, da gangan. A bugu na 13 Debian ta daina fitar masa da kanel da manhajar sanyawa, kuma amfanin da ya rage masa shi ne tafiyar da tsofaffin shirye-shirye da wasanni waɗanda babu mai tushensu balle ya sake gina su. Da an canza masa agogo, da waɗannan shirye-shirye sun daina aiki tun yanzu, shekaru goma sha biyu kafin ranar da ake gudu.